WASAN NA WAYE? TARIHIN JA-IN-JA TSAKANIN MASU ƘERA WASAN BIDIYO DA MASU BUGAWA



Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem na unguwa a zamanin PlayStation 2 zai tuna wata takarda da ke yawo hannu zuwa hannu, ta sha naɗi har ta yi laushi. Lambobin sirri ne na GTA San Andreas aka kwafe a cikinta: wannan na ƙarin rai da kuɗi, wannan na makamai, wannan na korar 'yan sanda. Ni a bayan littafina na lissafi na rubuta nawa. A lokacin ko kusa ban san cewa tun kafin a haife ni an yi shari'a a kotunan Amurka a kan ko mutum yana da ikon ƙara wa kansa rai a wasan da ya saya da kuɗinsa ba.

Tarihin wannan takaddama nake so mu bi yau. Maganar a kan wasannin da mutum ke bugawa shi kaɗai ne, daga shi sai na'urarsa, babu abokin karawa da za a ce an cuta. A irin wannan wasa, wa ke da maganar ƙarshe, wanda ya ƙera ko wanda ya saya? Kada wani ya ce wannan hirar yara ce. Tambayar da ke tsakanin marubuci da mai karatu ce, sai dai a can an kai ta gaban alƙali.

SHARI'AR NINTENDO DA GALOOB

A 1983 kasuwar wasan bidiyo ta Amurka ta durƙushe. Cikin dalilan akwai ambaliyar wasanni marasa inganci da kowane kamfani ke bugawa ya zuba a shaguna, har masu saye suka gaji. Da kamfanin Nintendo na Jafan ya shigo da na'urarsa NES kasuwar Amurka a 1985, sai ya zo da tsauraran ƙa'idoji. Ya saka wa na'urar wani makulli na lantarki mai suna 10NES, wanda ke hana duk kaset ɗin da bai samu izini ba yin aiki. Kamfanin da ya samu izini kuma ba zai fitar da wasa fiye da 5 a shekara ba. Wannan riƙo ya farfaɗo da kasuwar, ya kuma saba wa Nintendo da cewa komai sai da yardarsa.

Ana haka sai wani kamfani na Ingila mai suna Codemasters ya ƙera wata 'yar na'ura, Game Genie, kamfanin kayan wasan yara na Galoob ya karɓi sayar da ita a Amurka a 1990. Aikinta mai sauƙi ne. Ana soka ta tsakanin kaset da na'ura, mai bugawa ya shigar da lambobi har kashi 3. Idan na'ura ta tambayi kaset rai nawa za a ba wannan ɗan wasa, kaset ya ce 3, sai Game Genie ta tare amsar a hanya ta canza ta. Ko harafi ɗaya ba ta gogewa a cikin kaset ɗin. Da an kashe wuta komai ya koma yadda yake.

Nintendo ya ce bai yarda ba. Hujjarsa ita ce haƙƙin mallaka: duk wanda ya canza Mario ya zama ba ya mutuwa, ya ƙirƙiri sabon aiki ne da ya tsago daga nasu, kuma doka ta ba mai asali kaɗai wannan iko. Kotu ta fara dakatar da sayar da na'urar a Amurka, duk da ana ci gaba da sayar da ita a Kanada. Amma a 1991 mai shari'a Fern Smith ta yanke hukunci cewa Galoob ke da gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1992. Dala miliyan 15 da Nintendo ya ajiye a matsayin jingina lokacin da ya nemi dakatarwar, daga baya aka miƙa wa Galoob.

Abin da ya kamata marubuci ya riƙe shi ne misalin da mai shari'ar ta kawo. Ta kwatanta mai amfani da Game Genie da wanda ya sayi littafi ya tsallake wasu shafuka, ko wanda ya sayi kaset ɗin bidiyo ya tura shi gaba don ya ga ƙarshe. Tunda ya biya mai abu haƙƙinsa, yadda zai more shi a ɗakinsa ruwansa ne.

Wani abin dariya shi ne masu ƙera wasannin da kansu sun riga kowa yin maguɗin. A 1986 Kazuhisa Hashimoto na kamfanin Konami yana mayar da wasan Gradius zuwa na'urar Nintendo, sai wasan ya yi masa wuya wajen gwaji. Ya ƙirƙiri wani jerin madannai da ke ba shi ƙarfi, aka fitar da wasan da shi a ciki. Wannan jerin ne daga baya yake ba da rai 30 a wasan Contra. Kamfanin Sega kuwa, babban abokin hamayyar Nintendo, bai tsaya jayayya ba, ya ba Game Genie izini a kan na'urarsa.

ƘOFAR DA AKA BUƊE DA GANGAN

A ɓangaren kwamfuta wani kamfani ya bi wata hanya dabam. Id Software na jihar Texas sun lura mutane na kutsawa cikin wasansu Wolfenstein 3D na 1992 suna canza hotuna da matakai. Da suka zo fitar da Doom a Disambar 1993, John Carmack ya tsara shi ta yadda hotuna da taswirori da sauti ke zaune a fayil ɗinsu daban, injin wasan daban. Kowa na iya gina nasa matakin ba tare da ya lalata asali ba, kuma dubban mutane sun gina. Sharaɗi ɗaya kamfanin ya roƙa: kwaskwarimar ta yi aiki da cikakken wasan da aka saya, ban da ɗan yankin da ake rabawa kyauta. A 1997 suka saki asalin rubutun injin ga duniya.

Amma 'yancin yana da iyaka, kuma kotu ce ta shata ta. Wani kamfani mai suna Micro Star ya tattaro matakai 300 da masu buga Duke Nukem 3D suka gina suka zuba a intanet, ya ɗora a faifai yana sayarwa. A 1998 kotun ɗaukaka ƙarar nan da ta ba Galoob gaskiya ta ce wannan kam ya saɓa doka. Dalilinta shi ne kowane mataki sabon labari ne game da jarumin wasan, kuma ikon sayar da ci gaban labari na mai labarin ne. Daga hukunce-hukuncen biyu aka samu ƙa'idar da ake tafiya a kai tsawon shekaru: a ɗakinka yi yadda ka ga dama, amma kasuwa ta mai abu ce.

RIKICIN ƘARSHEN MASS EFFECT 3

Duk waɗancan rigingimu a kan dokokin wasa ne, rai nawa, mataki nawa. A 2012 rigimar ta shiga gonarmu, ta koma kan labari.

Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ya fitar da Mass Effect kashi uku: 2007, 2010 da 2012. Labarin Kwamanda Shepard ne, wanda mai bugawa zai iya mayar da shi namiji ko mace, yana ƙoƙarin haɗa kan halittun sararin samaniya don tunkarar wasu injina masu shafe duk wata wayewa. Abin da ya bambanta shi da sauran wasanni shi ne zaɓinka yana binka. A kashi na ɗaya akwai wurin da abokan tafiya biyu, Ashley da Kaidan, ke cikin halaka, kuma ɗaya kawai za ka iya ceta. Wanda ka bari ya tafi ke nan, ba zai dawo a kashi na biyu ko na uku ba. A ƙarshen kashi na biyu kowane ɗaya cikin tawagarka na iya mutuwa gwargwadon shirin da ka yi da wanda ka ɗora a kan kowane aiki. Mutane sun shafe shekara 5 suna ɗauke da nasu Shepard ɗin daga kashi zuwa kashi. Kafin fitowar na uku kuma jagoran aikin, Casey Hudson, ya faɗa wa 'yan jarida cewa ƙarshen ba zai zama irin na zaɓi ɗaya cikin uku ba.

Wasan ya fito a Maris 2012. A mintocin ƙarshe sai ga wata halitta cikin siffar yaro ta ba Shepard zaɓi uku: ya hallaka injinan, ya mallake su, ko ya haɗe masu rai da injina su zama abu guda. Ko wanne ka ɗauka, hoton da ke biyo baya kusan ɗaya ne, launin hasken fashewar ne ke canzawa: ja, shuɗi ko kore. Makomar abokan da ka sha wuya wajen ceto, da al'ummomin da ka sasanta, ba a nuna ba.

Masu bugawa suka tashi. Wata ƙungiya mai neman a canza ƙarshen ta tara kusan dala 80,000 ta ba gidauniyar Child's Play, wadda ke kai wa yara marasa lafiya kayan wasa a asibitoci, don a san da gaske suke. Wasu suka haɗa kuɗi suka aika wa BioWare ƙananan kek sama da 400, masu ado ja da shuɗi da kore, amma ɗanɗanonsu ɗaya. Kamfanin ya kai su gidan kula da matasa marasa galihu. Har ƙara aka kai hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya, wadda ta duba ta ce tallan bai kai yaudara ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai 'yan jarida da masu ƙera wasanni da suka tsaya wa BioWare. Suka ce idan aka saba canza ƙarshen labari don masu saye sun yi hayaniya, gobe babu marubucin da zai iya kashe jarumi ko ya ƙare labari da baƙin ciki. Wannan fargaba ce ta gaske, kuma duk wanda ke sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp ya san ta. Da masu karatu sun ƙaunaci wani tauraro sai a fara aiko saƙo: don Allah kar a raba su, don Allah a hukunta kishiyar.

Sai dai tarihin adabi bai goyi bayan masu cewa ba a taɓa yi ba. Charles Dickens ya canza ƙarshen Great Expectations a 1861 bisa shawarar abokinsa Edward Bulwer-Lytton. Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893, masu karatu suka hana shi sakat, a 1903 ya dawo da shi da rai. A cikin wasannin ma, Fallout 3 na 2008 ya ƙare ne a inda labari ya tsaya cak, a 2009 kamfanin Bethesda ya fitar da ƙari da ya bari a ci gaba bayan ƙarshen.

BioWare ya bi tsakiya. Ɗaya cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Ray Muzyka, ya fito ya ce sun ji koken. A ranar 26 ga Yuni 2012 suka saki ƙari kyauta mai suna Extended Cut. Ba su cire zaɓin nan uku ba, amma sun cike giɓin: an nuna abin da ya sami abokan tafiya da kowace al'umma gwargwadon abin da ka aikata a baya. Sun kuma ƙara zaɓi na huɗu, wato Shepard ya ƙi duka ukun. Wanda ya ƙi, injinan za su yi nasara, sai wata al'umma ta gaba ce za ta amfana da saƙon da aka bari. An ba shi damar cewa a'a, an kuma sa masa farashi. Waɗanda har yanzu ba su gamsu ba suka koma hanyar da Doom ya buɗe, suka yi wa wasan kwaskwarima a kwamfuta suka gina ƙarshe mai daɗi da hannunsu.

A ganina abin da ya fusata mutane ba baƙin cikin ƙarshen ba ne, domin wasannin sun sha kashe waɗanda ake ƙauna ba a yi bore ba. Alkawari aka ɗauka tun kashi na ɗaya cewa zaɓinka yana da nauyi, aka maimaita shi shekara 5, sai a minti na ƙarshe aka ajiye shi gefe. Hausawa sun ce alkawari kaya ne.

'YANCIN MA RUBUTA SHI AKE YI

Akwai wani ƙaramin wasa da ya fito da wannan batu fili. The Stanley Parable na Davey Wreden ya fara ne a 2011 a matsayin kwaskwarimar wani wasa, cikakkensa ya fito a 2013. Ma'aikacin ofis ne ya tarar kowa ya ɓace, wata murya tana ba da labarinsa yayin da kake tafiya da shi. Kun iso gaban ƙofa biyu, muryar ta ce ya shiga ta hagu. Kana iya shiga ta dama. Muryar za ta yi gyaran zance, ta lallashe ka, ta yi fushi. Sai ka ji daɗin ka yi tawaye, har ka tuna cewa wannan fushin ma wani ne ya zauna ya rubuta shi, aka ɗauki muryar tun kafin ka sayi wasan.

Haka ma The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017. Da ka gama yankin farko kana iya miƙewa kai tsaye zuwa fadar babban abokin gaba ba tare da ka bi labarin ba. Kamfanin da ya yi shi kuwa shi ne Nintendo, wanda ya kai Game Genie kotu. Irin wannan sakin mara ya fi ɗaure mai bugawa wuyar ginawa, domin duk hanyar da mutum zai iya bi sai an tanadar mata abin da zai tarar. Kuma mai ƙira yana da ikon ya ƙi bayarwa. Hidetaka Miyazaki na FromSoftware ya fitar da Sekiro a 2019 babu matakin sauƙi, aka yi ta muhawara, bai canza ba. Celeste na 2018 kuwa, shi ma mai wuya ne, ya ba da damar rage gudun wasan ko hana mutuwa ga mai buƙata. Duka biyun sun tsira da mutuncinsu, saboda kowanne ya nuna wa mai saye abin da zai tarar tun farko.

IDAN MAKULLIN YANA HANNUN KAMFANI

Hukuncin 1992 ya tsaya ne a kan abu ɗaya: kaset ɗin yana hannunka. Intanet ta zo ta raunana wannan tushe. A Maris 2013 kamfanin EA ya fitar da sabon SimCity, wasan gina birni da aka saba bugawa mutum shi kaɗai tun 1989, amma wannan karon ba ya tashi sai ya haɗu da kwamfutocin kamfanin. Kwamfutocin suka kasa ɗaukar jama'a, waɗanda suka biya suka yi kwanaki suna layi don shiga birninsu. Masu kutse suka nuna wasan na iya tafiya ba intanet, kuma bayan shekara guda kamfanin da kansa ya saki hanyar bugawa ba tare da ita ba. Mu da muka san tsadar data da ɗaukewar sabis ba ma buƙatar a yi mana bayanin wanda irin wannan sharaɗi ke korewa.

Na The Crew ya fi muni. Wasan tseren motoci ne na kamfanin Ubisoft na Faransa, ya fito a 2014, yana da labarin da mutum zai iya bi shi kaɗai amma dole sai da intanet. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da shi. Wanda ke da faifan a hannu ma bai da abin da zai kunna. Wani mai shirye-shirye a YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, kuma a 2025 takardar koken da aka shigar a Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan 1. Buƙatarsu ita ce idan kamfani zai janye hannunsa, ya bar wasan a yanayin da wanda ya saya zai iya kunnawa. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka da ta fara aiki a 2025, wadda ta hana shagunan intanet kiran abu sayarwa idan izinin amfani kawai suke bayarwa, sai sun faɗa wa mai biya a sarari. A nan ma maganar alkawari ce: an ce maka ka saya, ashe aro aka ba ka.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Daga Game Genie zuwa yau, ga inda na ga iyakokin suka tsaya. Yadda mutum zai more abin da ya biya nasa ne. Idan mai karatu ya fara da shafin ƙarshe, ko ya tsallake babin da ka fi shan wuya a kansa, ba ka da ƙara. Labarin kuma naka ne, kana iya kashe wanda ka so, ka ƙi sauƙaƙawa, ka ƙi sauraron masu roƙo. Abin da ba ka da iko a kansa shi ne alkawarin da babin farko ya ɗauka. Idan ka shafe shafi 200 kana nuna mana cewa haƙurin jarumarka da dabararta su ne za su fitar da ita, sai a babin ƙarshe wani kawu mai kuɗi da ba mu taɓa jin sunansa ba ya sauko daga jirgi ya warware komai, masu karatu suna da gaskiya idan sun yi ƙorafi. Kafin ka ce ba su fahimci fasaha ba, koma ka karanta babinka na ɗaya ka ga abin da ka ce za ka ba su.

Ina so in ji daga waɗanda ke sakin labari kashi-kashi: an taɓa matsa maka ko miki a canza ƙarshe? Kun canza, ko kun tsaya a kan bakanku? Kuma da kuka waiwaya daga baya, wa ya fi gaskiya?